Raya Kufai: Gini Ake Nufi Ko Mutane?

Masu iya magana sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Wannan karin magana ce ta faɗo mini a rai a hutun da ya wuce, sa'ad da wani abokina ɗan Birnin Yauri ya zaunar da ni yana kukan wani gari nasa da ya mutu. Garin nan kuwa ba ya cikin taswira, a cikin waya yake.

Bari in yi wa malamanmu bayani, don na san ba dukansu ne suka saba da wannan sha'ani ba. Akwai wani wasa mai suna Minecraft, wanda wani kamfanin ƙasar Suwidin ya fitar a 2011, inda mutum ke haƙa ƙasa, ya sari itace, ya yi gini, ya yi noma. In jama'a suna son yin wasan tare ta intanet, sai su yi hayar wata kwamfuta mai riƙe musu filin dare da rana, suna biya wata-wata. Mu dandali muke ce mata. Lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022, wanda ya ci wata takwas, abokin nan nawa ya buɗe irin wannan dandali, ya tara mu da zaman gida ya gundura, daga Yelwa da Ngaski da Shanga. Muka gina kasuwa da ganuwa, har da kwatar jiragen ruwa. Da aka koma karatu a watan Oktoba sai kowa ya kama gabansa. Shi kaɗai ya ci gaba da biyan kuɗin haya daga aljihunsa, yana shiga da dare yana zagaya gidajen da babu kowa ciki.

Abu biyu ya faɗa mini. Na farko, wai waɗanda suka watse sun ci amana. Na biyu, wai zai raya garin, amma ya kulle dukan tsofaffin gine-gine don kada baƙo ya taɓa ko da tubali ɗaya.

Zancen cin amana ban daɗe a kansa ba. Wasa ba aure ba ne, babu wanda aka ɗaura wa alkawari gaban shaidu. Mutumin da jarrabawa ta sha masa kai, ko kuɗin data ya gagare shi, bai zalunci kowa ba don ya bar wasa. Iyaka dai, wanda ya san wani na biya masa haya, ya kamata ya yi sallama kafin ya tafi, kuma a nan ni ma ina cikin masu laifi.

Magana ta biyu ita ce mai nauyi, watau mene ne ainihin abin da ake rayawa in an ce za a raya wuri? Mu mutanen Yauri bai kamata wannan tambaya ta zame mana baƙuwa ba. Birnin Yauri shi ne tsohon mazaunin sarauta, tun 1888 kuwa fada tana Yelwa. Ragowar ganuwa tana nan, amma ba ita ta riƙe garin ba. Waɗanda suka zauna suna noma suna haihuwa su suka riƙe shi. Haka kuma da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da ƙauyuka, aka ta da mutum sama da dubu 40, cikinsu har da Gungawa, aka zuba su cikin gidajen da hukuma ta gina. Gidajen nan ba su zama gari ba sai da masu su suka ƙara bukkoki da rumbuna, suka ja danga inda suke so. Ashe wuri ba ya zama na mutum sai an ba shi ikon sāke shi, har ma da ikon ɓata shi.

Ko a can inda wasannin suka fito haka abin yake. Wani kamfanin Ingila mai wasan RuneScape ya ga tsofaffin 'yan wasansa suna begen yadda wasan yake a da, sai a 2013 ya tono kwafin 2007 ya buɗe musu shi, bayan sun kaɗa ƙuri'a. Da an tsaya nan, da marmari ya ƙare an sake watsewa. Amma sai aka riƙa ƙara sababbin abubuwa, ana kai su gaban 'yan wasa su jefa ƙuri'a tukuna. Sunan tsoho bai bar shi ba, alhali kuwa cike yake da abubuwan da babu su a 2007, kuma daga baya jama'arsa ta fi ta sabon wasan yawa.

To, wani zai ce, in sababbi suka rushe abin da na farko suka gina, ai ba raya garin aka yi ba, wani garin aka kafa a kan kabarinsa. Lalle akwai gaskiya a nan, ba kuma zan raina zafin da abokina ke ji ba, domin kowane lungu yana tuna masa wani dare da wani aboki. Sai dai abin da yake bege shi ne mu, yadda muke a 2022, babu lacca, babu jarrabawa, kuma wannan ko nawa ya biya ba zai dawo ba. In ya kulle garin, ya ajiye wa kansa gidan tarihi ne, wanda halal ne, amma kada ya kira yaran sakandare su zo su zauna a ciki kamar 'yan haya, suna kallon aikin manya hannu a naɗe. Baƙon da aka hana wa aza tubali kwana biyu zai yi ya wuce.

Na ce masa, "Malam, zaɓi ɗaya: ko ka riƙe ginin, ko ka riƙe mutane." Ya yi shiru, ya ce zai duba.

Bayan mako biyu ya aiko mini da hoto. Ya buɗe ko'ina, ban da ɗakin da ya fara ginawa, ya kuma sa daren Alhamis ya zama lokacin haɗuwa. Wani yaro ɗan Shanga ya rushe kasuwarmu ya haƙa tafki a wurin, ya ce kifi zai kiwata. A ƙarƙashin hoton abokina bai rubuta kome ba, sai tambaya ko zan kawo nawa kason na hayar wannan wata.