Keken Da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Mai karatu, in kana cikin masu bibiyar finafinan Turawa, wataƙila ka taɓa cin karo da wani shirin talabijin na Ingila mai suna Black Mirror. A kashinsa na biyu, wanda aka nuna a watan Disamba na 2011 da sunan Fifteen Million Merits, an kawo wata duniya wadda mutanenta ba su da sana'a sai tuƙa keke. Keken kuma kafaffe ne, ba ya gaba ba ya baya. Su tashi da safe su hau, su yi ta taka feda suna kallon allo, wutar da suka samar ta tafi inda ba su sani ba, a biya su da maki. Daniel Kaluuya ne jarumin, tun kafin Get Out na 2017 ya fito da shi duniya. Duk wanda ya ga shirin ya san an yi shi ne don a tsorata mai kallo.

To ga abin mamaki. Wannan keke da aka tsorata mu da shi a fim, shi ne jami'o'i a Amurka da Turai suke sayowa da kuɗinsu su kafa wa ɗalibai, har a ɗauki hoto a yi murna. Za ka ga tebur mai kujera, a ƙarƙashinsa feda, a samansa wurin jona waya ko kwamfutar hannu. Ka zauna kana karatu, ƙafarka na aiki, wayarka na shan caji. Wani kamfanin Beljiyam mai suna WeWatt ya yi suna da irin wannan tebur, har an kafa shi a tashoshin jirgin ƙasa na Faransa. Tun a 2009 kuwa Jami'ar Jihar Oregon a Amurka ta gyara na'urorin motsa jiki guda 22, irin masu fedar nan da ake takawa a tsaye, a cibiyar wasanninta ta Dixon, ta yadda ƙarfin da ɗalibai suka zuba zai koma wutar lantarki ya shiga layi. Dalili biyu ake bayarwa kullum: a ceci muhalli, a kuma inganta lafiyar ɗalibi.

Tambayar da ta hana ni sakat ita ce: in aikin kirki ya yi ƙanƙantar da ba ya canza komai, shin yana nan a matsayin aikin kirki, ko kuwa ya zama wasan kwaikwayo? Kafin ka amsa, zo mu yi ɗan lissafi, don ba na son mu yi gardama a kan iska.

Ka san yunit ɗin nan da ake saye a zuba wa mitar gida? Shi za mu yi awo da shi. Mutum mai lafiya wanda ba ɗan tsere ba, in ya dage a kan keke, zai iya riƙe ƙarfin wat 100 ko ƙasa da haka na tsawon awa guda. Wato sai ya yi awa goma cur yana zufa kafin ya haɗa yunit ɗaya. Batirin waya irin na yanzu kuwa abin da yake ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin hamsin na yunit ba. Ka yi caji kullum tun daga Janairu har Disamba, abin da ka sha bai fi yunit bakwai ba. Ita kuwa na'urar sanyaya ɗaki ƙarama tana iya lashe kusan yunit guda a awa ɗaya. Ka ga ke nan ɗalibin da ya yi shekara yana taka feda don wayarsa, abin da ya tanada na'urar sanyaya ɗakinsa za ta shanye shi a dare guda yana barci.

Su kansu mutanen Oregon ba su ɓoye ba. Ƙiyasin da suka bayar shi ne na'urorin nan 22 za su samar da yunit 3,500 a shekara. Matsakaicin gida ɗaya a Amurka yana shan sama da yunit 10,000 a shekara. Jami'a guda mai dubban ɗalibai, gumin shekara, bai kai rabin abin da gida ɗaya ke sha ba! Ba a ma zo maganar ƙarfen da aka narka aka ƙera na'urar ba, da man da aka ƙona aka kawo ta.

Saboda haka in wani ya ce maka wannan keke zai ceci duniya daga ɗumamar yanayi, ka yi masa murmushi kawai. Ba zai cece ta ba. Ni ma da na fara wannan lissafi a nan na so in ajiye biro, in ce holoƙo ne hadarin kaka, shi ke nan. Wani ɗan gajeren bidiyo ne ya sa na dawo na sake zama.

A 2015 wasu ɗaliban koyon fim a Stockholm ta ƙasar Suwidin suka gayyato Robert Förstemann, Bajamushe ɗan tseren keke wanda ya ci tagulla a gasar Olamfik ta Landan a 2012. Cinyarsa ɗaya ta fi ƙugun wani kauri. Aka jona kekensa da na'urar gasa burodi mai cin wat 700, aka ce bismilla, gasa mana yanka ɗaya. Bawan Allah ya taka iya ƙarfinsa, bai cika minti biyu ba ya sauko ya zube a ƙasa yana haki. Burodin kuwa da ƙyar ya ɗan yi ja. Wallahi tun da na ga wannan ban ƙara danna makunnin dutsen guga da irin gatsalin da na saba ba. Na sha karanta alƙaluma a kan wuta, ba su taɓa shiga jikina ba sai da na ga ƙato ya faɗi saboda yankan burodi.

A nan ne, a ganina, darajar keken jami'a take. Kuskure ne a ɗauke shi tashar samar da wuta. Sikeli ne. Ɗan Adam na wannan zamani, musamman a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa, ya rasa sanin nauyin abin da yake ci. Makunni ya danna haske ya zo, bai ga gawayin da aka haƙo ba, bai ga gas ɗin da aka ƙona ba, bai san garin da hayaƙin ya sauka ba. Abin da ba ka san nauyinsa ba kuwa da wuya ka yi tattalinsa, da wuya kuma ka gode a kansa. Ɗalibin da ya yi rabin awa yana taka feda ya ga batirinsa ya ɗan ɗaga, ƙafarsa ta koyi abin da lacca goma ba ta koya wa kansa ba. In gobe ya zama injiniya ko minista, wannan ciwon cinyar yana iya bin sa har ofis. Ai jami'a wurin koyo ce, ba kamfanin wuta ba. Allon aji ma ba ya samar da ko wat ɗaya, ba wanda ya ce a cire shi.

Batun lafiya kuwa ba sai mun ja shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, ɗalibi kuma yini yake a zaune. Duk abin da zai sa ya motsa ƙafa riba ce, ko da wayar ba ta sha komai ba.

Sai dai fa akwai rami a gaba, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauko wannan magana. Sikeli yana iya rikiɗewa ya koma rasit. Ka san halin zuciya. Mutum ya ba almajiri naira hamsin a bakin titi, ya shiga kasuwa ya tauye mudu, zuciyarsa a sake, don yana jin ya riga ya biya. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan: ƙaramin alheri yakan zama lasisin babban sakaci. Ɗalibi ya taka feda minti ashirin, ya ɗauki hoto ya watsa, ya ji shi ma yana cikin masu ceton duniya, sannan ya bar ɗakinsa da fitilu da na'urar ɗumama ɗaki a kunne ya tafi hutun mako. Da bai hau keken ba wataƙila da zuciyarsa ta ɗan tsikare shi a bakin ƙofa.

Abin ya fi muni in hukuma ce ta faɗa wannan rami. Keke guda a ƙofar laburare yana da kyau a hoto, kowa na ganinsa, kuɗinsa kaɗan ne. Gyara tagogin tsofaffin gine-gine don kada zafi ya tsere, canza tukunyar ɗumama ruwa, rage tafiye-tafiyen jirgin sama na manya, waɗannan su ne masu nauyi a sikeli, amma ba sa hoto, kuma suna da ciwo. Jami'ar da ta yi na farko don ta guje wa na biyu ta yi abin da mu a nan muke kira ganin ido. A 2010 otal ɗin Crowne Plaza na Kofanhegan a Denmak ya yi tayin abinci kyauta na kimanin dala 36 ga duk baƙon da ya taka keke ya samar da kashi ɗaya cikin ɗari na yunit. Kai ma ka san ba wutar suke saye ba, labarin suke saye. Ban ce haramun ba ne, talla ce, amma a kira ta da sunanta.

Za ka iya ce mani, malam, ka cika tsanani, ai da babu gara ba daɗi. Na yarda, in dai ba daɗin bai sa an manta cewa har yanzu babu ɗin ce ba. Ka iya kuma cewa ba wanda ya san zuciyar wani, ta yaya zan raba mai koyo da mai riya alhali feda ɗaya suke takawa? Wannan kam gaskiya ce, daga waje ba a rabawa. Sai dai a jira a ga abin da mutum zai yi bayan ya sauko.

Ka tuna kuma feda ɗaya takan ɗauki ma'ana iri-iri gwargwadon wanda ke kanta. A 1818 wani injiniyan Ingila, William Cubitt, ya ƙirƙiro wata babbar ƙafar niƙa da fursunoni ke takawa awa da awanni a matsayin hukunci. A wasu gidajen yarin tana niƙa hatsi ko ɗago ruwa, a wasu kuwa ba ta niƙa komai sai iska, wahalar ce kawai ake so. A 2012 wani gidan yari a garin Santa Rita do Sapucaí na Barazil ya kafa kekuna masu cajin batir don haska fitilun titi, duk fursunan da ya yarda ya taka na awa 16 a rage masa kwana ɗaya. Ɗalibin Oregon na taka tasa don nishaɗi, yana iya sauka lokacin da ya ga dama. Mutanen Black Mirror ba su da wannan damar, shi ya sa nasu ya zama abin tsoro.

Mu nan kuwa sai mu yi hattara kafin mu yi dariya ko mu yi sha'awa. Telan da ke taka keken ɗinki tun safe har magariba ba ya kiran abin da yake yi ceton muhalli, neman tuwo yake. Wanda ya kai wayarsa shagon mai caji ya biya kuɗi ya karɓi lamba, ya san farashin caji sarai ba sai an kafa masa keke ya koya ba. Mu da muka yi wayo da fitilar keke mai ɗan injin nan da ke gogar taya mun san cewa in ka daina takawa duhu ya dawo. Darasin da jami'o'in can ke kashe kuɗi su koyar, rashi ya koya mana shi kyauta. Amma ka lura da mu ranar da aka kawo wuta da ƙarfi, musamman a gidan da babu mita: fanka, talabijin, ƙwan tsakar gida da rana tsaka, duk a kunne, ba kowa a ɗaki. Ashe sanin nauyin abu ma ba ya wadatarwa in zuciya ta ce yau ranar ramuwa ce.

Akwai fim ɗin da nake so ka nema ka haɗa da wancan na farko, wato The Boy Who Harnessed the Wind na 2019, wanda Chiwetel Ejiofor ya ba da umarni kuma ya fito a matsayin uba. Labarin gaske ne na William Kamkwamba na Malawi, yaron da rashin kuɗin makaranta ya kora gida a lokacin yunwar da ta afka wa ƙasarsu a 2001 zuwa 2002. Abin da ya fara jan hankalinsa shi ne wannan ɗan injin fitilar keke: me ya sa juyawar taya ke kawo haske? Daga nan ya gane ashe ba dole sai ƙafar mutum ba, iska ma za ta iya juya shi, ba ta kuma gajiya. A fim ɗin, wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda yake roƙon mahaifinsa ya ba shi keken gidan, abin hawansu ɗaya tilo, don ya yanka shi ya yi injin iska. Uban ya ƙi, ya yi faɗa, daga baya ya miƙa. Keken bai ƙara hawa hanya ba, amma ruwa ya fito daga rijiya ya shiga gona.