Laifin Wa Ne Idan Iska Ta Yi Kisa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran mota a Sabon Tasha da asubahin hunturu ya san ɗanɗanon ƙura. Tana kwanciya a kan tumatirin 'yan kasuwa, tana sauka a ƙirjin tsofaffi. Yawancinta daga Bodele take tasowa, wani busasshen gurbin tafki a arewacin Chadi, nisan fiye da kilomita 1,000. Ba mu gayyace ta ba, ba kuma wanda za mu kai ƙara.

Akwai abin da iska ke ɗaukowa da ya fi wannan ƙura muni, wato tokar dutse mai aman wuta. Sunan yana ruɗarwa, domin ba irin tokar murhu ba ce. Garin dutse ne da gilashi mai kaifi, ba ya narkewa a ruwa, yana kankare ido da huhu. A watan Yuni na 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya fashe, aka kuma yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a rana guda. Tokar ta jiƙe ta yi nauyi, rufin gidaje ya rufta kan waɗanda suka fake a ciki. A watan Afrilu na 2010 tokar wani dutse a Aisland ta sa aka soke tashin jiragen sama wajen 100,000 a Turai, don tana narkewa cikin injin jirgi ta toshe shi.

Amma wanda ya fi kusa da mu ya faru ne a Kamaru, ba nisa da iyakarmu. Tafkin Nyos yana zaune a bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. A daren 21 ga Agusta 1986 tafkin ya saki iskar da ta daɗe tana taruwa a ƙarƙashinsa. Ba ta da launi, ta kuma fi iskar da muke shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari kamar ambaliya, ta bi ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutane fiye da 1,700 suka mutu, da dabbobi wajen 3,500. Da gari ya waye gidaje na nan tsaye, masara na nan a gona, masu su ne kawai ba su tashi ba.

A nan tsohuwar tambaya take tasowa, 'yan'uwa: me suka yi? Zuciyar ɗan adam ba ta son masifar da ba ta da mai laifi, domin idan zunubinsu ne ya kashe su, to, numfashin da muke yi shaida ce ta adalcinmu. Haka abokan Ayuba suka yi tunani, Allah kuwa ya tsauta musu. A Luka sura 13 Ubangiji Yesu ya ambaci mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam, ya ƙi yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, ya juya maganar kan masu sauraronsa. Makiyayin da ya kwana a kwarin Nyos bai fi wanda ya kwana a kan tudu zunubi ba. Gangare iskar ta bi.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke juya lamarin. Inda babu mai laifi, muna saurin nemo shi. Inda kuwa akwai, sai mu ce haka Allah ya so. Ba mu da dutse mai aman wuta a Kaduna, amma muna da tayar da ake ƙonawa, da bolar da ake cinna wa wuta da leda a ciki, da janareta da ake kunnawa a lungun gida a kulle ƙofa. Sau nawa muka ji an wayi gari iyali guda ba su tashi ba saboda hayaƙinsa? Wannan hayaƙi yana da mai shi, yana da hannun da ya ja igiya.

Ko a Nyos ma, bangaskiya ba ta hana aiki ba. A 2001 aka kafa bututu a tsakiyar tafkin don iskar ta riƙa fita kaɗan-kaɗan, aka ƙara wasu biyu a 2011. Ban ga yadda za a kira wannan jayayya da nufin Allah ba.

Nawa janaretan ya shekara biyu a bayan ɗaki, daidai tagar wata dattijuwa mai ciwon asma. Na sha yi mata addu'a a zumunta, da zuciya ɗaya kuwa. Wata Lahadi bayan sujada ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗana, na gode da addu'a. Amma da za ka matsar da injin nan, da na yi barci."

Wayar da na ƙara sayowa ba ta kai kamu goma ba.