Hankali da Shauƙi a Imanin Mutanen Zangon Lome

Malaman tauhidi na Ash'ariyya, waɗanda littattafansu suka bi sawun fataken goro daga Kano da Katsina ta Salaga har gaɓar tekun Togo, inda Hausawa suka kafa Zangon Lome a ƙarshen ƙarni na 19, sun ɗora imani a kan hukuncin hankali, wato raba al'amura kashi uku: wajibi, wanda hankali ba ya karɓar rashinsa, da mustahili, wanda ba ya karɓar samuwarsa, da ja'izi, wanda samuwarsa da rashinsa duka suna yiwuwa. A kan wannan ne Imamu Sanusi na Tilmisan, wanda ya rasu a 1490, ya gina Ummul Barahina, ɗan littafin da ɗaliban zaure suke koyon siffofin Allah ashirin daga cikinsa, kowace da dalilinta.

Wannan tafarki ya haifi tambaya mai nauyi game da taƙlidi, wato riƙon aƙida saboda an ji ta daga iyaye ko malami ba tare da sanin hujja ba. A zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, an sami ɗalibai masu tare talakawa da tambayoyin ilimin kalami, in mutum ya kasa amsawa su fitar da shi daga Musulunci, Shehu kuwa ya yi musu raddi mai tsanani, domin a wurinsa mahauci ko masaƙi da ya furta shahada yana salla ba a tono zuciyarsa. Wannan matsayi shi ne daidai, saboda da gardama ce ma'aunin imani, da mafi iya baki ya fi kowa tsoron Allah, alhali ba haka ake gani ba.

Gibin da hujja take bari shauƙi ne ke cike shi, wato begen da ke motsa zuciya zuwa ga Allah da Manzonsa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ƙware a kalami, amma ya bayyana a littafinsa Munƙizu cewa natsuwarsa ta zo ne daga zauƙi, sanin da ake samu ta ɗanɗanawa. A Zango wannan fuska tana bayyana a wazifar Tijjaniyya, da zikirin Juma'a bayan la'asar, da karatun Ishiriniya a watan Maulidi, kuma sau da yawa malamin da ya biya wa ɗalibai darasin tauhidi da hantsi shi ne ke jan baitocin yabo da dare. Sa'ad da gwamnatin Shugaba Eyadema ta rushe tsohon Zango a 1977 ta mayar da mutanensa Togblekope, arewa da birnin, babu hujjar hankali da za ta rage raɗaɗin rasa gida da kusancin kasuwa. Sahun salla da da'irar zikiri su ne suka fi dacewa da wannan aiki.

Duk da haka, shauƙin da ba shi da linzamin ilimi yakan kai ga wuce gona da iri a kan shehunai, kuma masu sukar wannan, irin mabiya Izala da aka kafa a Jos a 1978, su ma kishin zuciya ne ke tura su, ko da nassi suke riƙe da shi. Yaron Zango kuma yana zaman aji ɗaya da 'ya'yan Ewe Kirista da masu addinin gargajiya na bodu, ana karatu da Faransanci, ana tambayarsa dalilin kaɗaita Allah, tambayar da hawayen daren Maulidi ba sa amsawa, sai abin da aka biya masa a zaure.