Shin Marubuci Ɗan Kasuwa Ne?

Kwanan baya gardama ta sarƙe tsakanina da wani abokin karatuna. Ya rubuta gajeren labari, na ba shi shawara ya fara duba irin abin da kowace mujalla take bugawa kafin ya aika. Sai ya harzuƙa, wai wannan fatauci ne, ba adabi ba.

Ni dai ban ga aibin haka ba. Mai atamfa ba ya kai kayansa Dawanau, don can kasuwar hatsi ce. A Amurka abin ya daɗe da tsaruwa. Ellery Queen's Mystery Magazine tun 1941 labarun laifi da bincike take bugawa. Ita kuwa Astounding, wadda ta koma Analog a 1960, ta ƙagaggun labarun kimiyya ce. Wanda ya kai musu labarin kishiyoyi wauta ya yi, ba jaruntaka ba.

To amma fa akwai inda gizo yake saƙa, watau ranar da edita zai ce a sāke labarin kafin ya saya. A 1954 Astounding ta buga wani labari na Tom Godwin mai suna "The Cold Equations". Wata yarinya 'yar shekara 18 ce ta ɓuya a cikin kumbon da zai kai magani ga mutum 6 masu jinya a wata duniya, don tana son ganin wanta. Man kumbon kuwa an auna shi daidai, ba zai ɗauki nauyinta ba. Godwin ya yi ta ƙirƙiro dabarun cetonta, editan, John W. Campbell, yana mai da masa da labarin, har sai da ya yarda yarinyar ta mutu.

Abokina zai ce ga shi nan, mai kuɗi ya murɗe hannun mai alƙalami. Ni ina ganin ba haka ba ne. Da ma Godwin ne da kansa ya shimfiɗa sharaɗin man nan. Ceton yarinyar bayan haka shi ne algus, kamar mai nono da ta ƙara ruwa don ƙwarya ta cika. Campbell bai nemi a faranta wa masu saye ba, ai mutuwar budurwa ba ta faranta wa kowa. Cewa ya yi marubuci ya cika alkawarin da labarinsa ya ɗauka.

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta sarai ba. Idan Godwin ya gamsu ne ya sāke, madalla. Idan kuwa don kuɗin haya ya sāke, alhali bai yarda ba, to ya sa sunansa a kan hukuncin wani, ko da hukuncin ya fi nasa kyau. Mai karatu ba shi da hanyar bambance biyun nan, don shafin ɗaya ne.

Labarin abokina dai har yanzu yana cikin akwatinsa, ƙarƙashin gado, ni kaɗai na karanta shi.