Ka Kira Abin da Ke Zuciyarka da Sunansa

Karatun Yau: 1 Sama'ila 1:9-18

Yaushe rabonka da amsa gaisuwa da gaskiya? A ce maka "Ina gajiya?" ka ce "Ba gajiya," alhali kwana uku ba ka runtsa ba. Mun taso an koya mana haƙuri da kunya, halaye ne kuwa masu kyau. Amma akwai wanda ya yi ta haɗiye damuwa shekara da shekaru har ya daina gane abin da yake ji.

Na san wata 'yar'uwa a zumuntar mata wadda takan faɗi tana karkarwa a tsakiyar sujada. Muka yi azumi, muka tsawata wa aljanu, ni ma ina cikin masu tsawatawar. Da abin ya ƙi, wasu suka ce zunubi take ɓoyewa, wasu suka ce neman a kula ta take yi. Daga baya likitan jijiyoyi ya gwada ta, ya ce ba farfaɗiya ba ce, ba kuma ƙarya take yi ba. Ciwo ne da likitoci ke kira FND a taƙaice, wato tangarɗar aikin jijiyoyi.

A wannan ciwo ƙwaƙwalwa ba ta ji rauni ba, hoton asibiti yakan fito lafiya. Matsalar tana cikin yadda take aika saƙo ga jiki da yadda take karɓarsa. Sai ƙafa ta ƙi ɗaukar mutum, ko hannu ya yi ta rawa, ko murya ta ɗauke, ko a faɗi kamar mai farfaɗiya. Ya fi kama mata, amma maza ma suna samunsa. Likita yana da alamun gane shi: ƙafar da ta mutu takan dawo da ƙarfinta na ɗan lokaci idan hankalin mai ciwon ya koma kan ɗaga ɗaya ƙafar.

Na tambayi 'yar'uwar nan abin da take ji kafin ta faɗi. Ta ce, "Baba, ƙirjina yakan buga, tafin hannuna ya yi gumi." Na ce, "Tsoro kike ji?" Ta ce, "A'a, ni ba na jin komai." Mijinta ya rasu shekara biyu kafin nan, ba ta kuwa taɓa zubar da hawaye ba, don an ce mata mai bangaskiya ba ya kuka. Masana sun lura cewa da yawa cikin masu wannan ciwo suna shan wahalar gane motsin zuciyarsu da ba shi suna. Jiki yana nuna tashin hankali, mai jikin bai san tsoro ne ko baƙin ciki ba. Amma ka kiyaye, ba kowane mai FND ke da damuwar da ya binne ba. Wani bayan faɗuwa ko wata jinya abin ya same shi. Kada ka zama alƙalin kowa.

Dubi Hannatu a karatunmu. Tana addu'a a Shilo, leɓunanta na motsi, ba a jin muryarta, sai Eli firist ya ɗauka ta bugu. Bawan Allah ne, duk da haka ya yi mata mummunar fahimta, kamar yadda muka yi wa 'yar'uwarmu. Hannatu ba ta ce masa lafiya lau ba. Ta bayyana cewa baƙin ciki da ɓacin rai ne suka kawo ta gaban Ubangiji. Bayan haka ta tafi ta ci abinci, fuskarta ta sake. Ubangijinmu Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru, a Getsamani kuma ya gaya wa almajiransa irin nauyin da ke ransa. In Mai Ceto bai ɓoye ba, wa ya ce maka kuka rashin bangaskiya ne?

Mun gaskata Allah yana warkarwa har yau, yana kuma aiki ta hannun likita. Masu wannan ciwo da yawa suna samun sauƙi ta wurin koya wa jiki motsi daga farko, da zama da likitan tunani. Maganin farfaɗiya ba ya tsayar da irin wannan faɗuwa, amma kada kowa ya daina shan magani sai likita ya ce, gama wasu suna da duka biyun. 'Yar'uwarmu ta bi wannan hanya, muna tare da ita cikin addu'a. Ranar da ta iya cewa, "Ina kewar mijina," ta yi kuka sosai. Faɗuwar ta ragu, ko da yake ba ta ƙare gaba ɗaya ba.

Abin Yi Yau: Kafin ka kwanta, ka zauna shiru. Ka lura da jikinka: ina ne ya ɗaure, ina ne ke bugawa? Ka nemi kalma ɗaya, ko fushi, ko tsoro, ko kewa, ka faɗa wa Ubangiji. Sa'an nan ka gaya wa wani amintacce. In kuwa ka ga wani ya faɗi a majami'a, ka kawar da abin da zai ji masa ciwo, ka rage taro a kansa, ka yi addu'a a hankali, ka taimaka a kai shi asibiti.

Addu'a: Ya Uba, kai ka san abin da ke cikina tun ban iya faɗa ba. Ka ba ni kalmomin da zan kawo shi gabanka. Ka gafarta mana inda muka hukunta marasa lafiya. Ka taɓa masu fama da wannan ciwo, ka ba likitocinsu hikima, cikin sunan Yesu. Amin.