Tawakkali da Wuƙar Likita: Hukuncin Tiyatar Babbar Jijiyar Ƙirji

Babbar jijiyar da ke ɗaukar jini daga zuciya zuwa sauran jiki, wadda likitoci ke kira aota, tana gamuwa da larura iri biyu masu kisa. Ta farko kumburi ce: bangon jijiyar ya yi rauni, ya riƙa buɗewa sannu a hankali tsawon shekaru, mai shi bai ji komai ba. Ta biyu tsagewa ce: fatar cikin jijiyar ta yage, jini ya kutsa cikin bangon ya raba shi biyu. Wannan kan zo da ciwo mai tsanani farat ɗaya a ƙirji ko tsakanin kafaɗu. Hawan jini ne babban sanadi, sai shan taba, tsufa, da cututtukan gado irin su Marfan. Hoton CT ne ke tabbatar da cutar, tare da hoton zuciya na eko.

Maganin ya danganta da wuri da girma. Kumburin ɓangaren da ke kusa da zuciya akan yi masa tiyata idan faɗinsa ya kai santimita 5.5, ko 5 ga mai Marfan. Tsagewa kuwa, rabon Stanford na 1970 ya kasa ta biyu. Nau'in A, wanda ya taɓa ɓangaren kusa da zuciya, yana kashe kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari a kowace awa a kwanakin farko idan ba a buɗe ƙirji an sauya wurin da bututun roba ba. Nau'in B, wanda bai taɓa wannan ɓangaren ba, galibi maganin saukar da hawan jini ake fara ba shi.

Tambayar addini a nan ita ce: tunda ajali rubutacce ne, kuma aikin kansa yana iya kisa, shin wajibi ne Musulmi ya yarda a yanka shi, ko ƙin yarda ya fi kusa da tawakkali? Malamai ba su ɗauki neman magani kishiyar ƙaddara ba. Lokacin annobar Sham, Halifa Umar ya juya da jama'arsa daga Sarg, ya bayyana wa Abu Ubaida cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Imamu Gazali, a cikin Ihya, ya kasa sababan kawar da cuta uku: tabbatattu, kamar ruwa ga mai ƙishirwa, waɗanda barinsu haramun ne idan ana tsoron mutuwa, na rinjayen zato, waɗanda yinsu bai warware tawakkali, da na tsammani kawai. A 1992, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Jidda cewa magani na wajaba idan barinsa zai kai ga halaka.

Da wannan ma'auni, hukuncin ba ɗaya ba ne. A tsagewa nau'in A, fiye da rabin waɗanda ba a yi wa aiki ba sukan rasu, alhali mafi yawan waɗanda aka yi wa sukan tashi, don haka tiyata ta kusanci wajibi. Ƙaramin kumburi kuwa, haɗarin wuƙa ya fi na jira, sai a tsaya ga magani da maimaita hoto. Tsoho mai rauni da aikin zai fi yi wa illa yana da damar ƙi.

Izinin majiyyaci ma sharaɗi ne, sai dai idan rai na cikin haɗari kuma babu halin tambaya. Misali, Albert Einstein ya ƙi tiyatar kumburin jijiyar ciki a 1955, ya rasu. Michael DeBakey, likitan Amurka da ya share fagen wannan tiyata, jijiyarsa ta tsage yana da shekara 97. Da farko ya ƙi aikin, da ya fita hayyacinsa aka yi masa a 2006, ya rayu har 2008.

Wajibi kuma yana tafiya da iko. Mutumin Dutsin-Ma ko Kurfi a Jihar Katsina da ciwon ya kama, babban asibitin garinsu zai fara zuwa, daga nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wataƙila har Kano ko Abuja, ga kuɗin aikin ya fi ƙarfin yawancin gidaje. Wanda bai samu hali ba babu laifi a kansa, kuma samar da likitocin zuciya da kayan aiki farilla ce ta kifaya a wuyan hukuma da mawadata. Abin da ya rataya a wuyan kowa shi ne wanda yake iyawa: awon hawan jini a kai a kai, shan magani ba yankewa, barin taba, gaggauta kai mai ciwon ƙirji asibiti, da duba 'ya'ya da 'yan'uwan wanda aka samu da cutar, domin takan bi jini.