Bakanike, Kuɗin Lalube Halas Ne?

'Yan uwa, tambayar yau ta kanikawanmu ce na Tudun Jukun da sauran garejojin Zariya. Mota ta kunna wutar cek, ba ka gano ciwonta ba. Yau ka ce a sayo filogi, gobe famfon mai, jibi ƙwaƙwalwa. Kuɗin aikin nan halas ne?

Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka suke fitowa da mahaɗin OBD-II, inda ake jona na'ura ta karanto lambar matsala. Irinsu ne suka cika titunanmu. Kunne da gogewa kaɗai ba sa isa yanzu. Ita kanta na'urar sashen da ke ciwo take nunawa, gano sanadin sai wanda ya koya.

Malaman Malikiyya sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da suka lalace a hannunsa. Mota amana ce, kuma rayuka take ɗauka.

Don haka oga, komawa aji ba faɗuwa ba ce. Hukumar NADDC tana horar da kanikawa, ga NITT nan Basawa, je ka tambaya. Kafin nan, in aiki ya fi ƙarfinka, ka ce: "Alhaji, ban san wannan ba, ga wanda ya sani."

Allah Ya ciyar da mu halas.